Awa Biyar da Suka Rage wa Malam Yahuza

Malam Yahuza taubashina ne, ɗan kawuna, saboda haka ina da ikon faɗin abin da na ga dama a kansa, kuma zan faɗa. Ni ne Falalu tela, shagona yana Yalwawa a nan Dutse, shi kuma gidansa yana Takur. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa a firamare, ashirin daga ciki yana hedimasta a ƙauyukan Buji. Dogo ne siriri, yana tafiya a miƙe kamar ya haɗiyi tabarya, dariya kuwa sai da dalili. In ya shigo gari a kan babur, yaran da ke wasa a ƙofar masallaci watsewa suke yi, har waɗanda ba makarantarsa suke ba. Akwai magidanta masu furfura da har gobe in sun hango shi sai sun gyara zaman hula.

Yana da hamsin da biyar ya yi ritaya, a shekarar kuma ya je Hajji. Daga filin jirgin Dutse suka tashi, Allah ya haɗa shi da kujerar bakin taga. Sauran alhazai suka rufe ido suna ta salati, shi kuwa ya manna goshi a gilashi. Da suka dawo, kowa da haƙorin Makka da zamzam, nawa taubashin ciwon son jirgi ya kwaso. Na je yi masa barka ina jiran tsaraba, sai ya kama ni da labarin duwatsun Dutse da gonakin da ke kewaye da su, wai daga sama kamar ƙyallayen da ke zube a ƙasan shagona.

Ya ce, "Falalu, shekara talatin da biyar ina zana taswira a allo ina ce wa yara ga ƙasarku. Ashe ni kaina ban taɓa ganinta ba."

Na ce, "To ai yanzu ka gani. Ina dabinona?"

Na ɗauka abin zai wuce kamar mura. Bai wuce ba. Bayan shekara guda wata ƙaramar makarantar koyon tuƙin jirgi ta kafa rumfarta a gefen filin, da jirage biyu 'yan ƙanana masu farfela a hanci, kowanne mutum biyu yake ɗauka. Malam ya je ya karɓo takarda. Kafin dangi su farga ya sayar da gonar gado ta Buji, wadda Kawu ya ƙare rayuwarsa a cikinta, ya haɗa da abin da gwamnati ta sallame shi da shi, ya kai musu. An yi taron dangi, an yi faɗa, an kai maganar gaban limami, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Matarsa Adama ba ta shiga faɗan ba. Sai dai kullum in ta ajiye masa tuwo takan ce, "Geron kasuwa ne, Alhaji," ta juya ta koma ɗaki.

Ni nake kai shi filin a babur kowace safiya, tun kafin rana ta yi zafi. In an tambaye ni dalili nakan ce don in ya faɗo a sami wanda zai gane gawar. Gaskiyar magana ita ce tsoro nake ji, kuma zaman shago ba ya yiwuwa alhali na san yana can sama.

Karatun aji bai ba shi wahala ba. 'Yan ajinsu sa'o'in 'ya'yansa ne, yawanci 'ya'yan masu hali, amma duk jarrabawar da aka rubuta shi ne a gaba. Likita ya duba ido da zuciya ya ce lafiya lau. Da aka zo hawa jirgi sai aka haɗa shi da malamin tuƙi, wani matashi ɗan Gantsa mai shekara talatin da ɗaya, sunansa Izzuddeen. Malam ne ya koya masa baƙi da wasali. Malam ne kuma ya je har gida ya hana mahaifinsa cire shi daga makaranta, lokacin da aka so a tura shi kiwon awaki. Ranar farko, da Izzuddeen ya ga wanda aka ba shi, da farar rigarsa da igiyoyinsa a kafaɗa ya zube a kan kwalta ya kwashi gaisuwa. Malam ya waiwayo ya dube ni ya ce, "Ka ga tarbiyya." Ni ma na ji daɗi, don a lokacin ban san abin da tarbiyyar za ta haifa ba.

Makarantar tana da doka guda da ba a tanƙwara ta. Ɗalibi yana da awa arba'in a sama tare da malaminsa. In suka cika ba a yarda ya tashi shi kaɗai ya sauka shi kaɗai ba, an sallame shi ke nan, kuma abin da ya biya ya tafi. Yawancin yara a awa goma sha biyar zuwa ashirin suke yi. Ranar da ɗalibi ya tashi shi kaɗai ya dawo lafiya, 'yan uwansa sukan sheƙa masa bokitin ruwa a ka, a yi ta shewa.

Tashi bai gagari Malam ba, juyi a sama ma haka. Sauka ce aikin, amma shi a ganinsa ita ya fi ƙwarewa a kai. Kullum a hanyar gida yana bayana yana ba ni labari: "Yau sau shida na sauka, kamar an ajiye ƙwai a faifai." Abin da ya ɗaure masa kai shi ne Izzuddeen ya ƙi sa hannu a sake shi. In Malam ya tambaya sai yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, a ɗan ƙara." Aka jiƙa wannan, aka jiƙa wancan, har wata yarinya da ba ta kai autarsa ba. Malam ya ci awa ashirin da biyar, ya ci talatin, ya kai talatin da biyar yana bushe.

A nan shugaban makarantar ya shigo maganar. Kyaftin Jaji tsohon sojan sama ne, gajere mai faɗi, ba ya gaisuwa mai tsawo. Ya duba littafin Malam ya ce shi da kansa zai hau da shi. Ina zaune a inuwar rumfa na ga sun zagayo sun miƙo titi. Jirgin ya taho, ya taho, maimakon ya ɗaga hanci ya zauna a hankali, sai ya doki ƙasa da tayar gaba ya yi tsalle. Ya sake doka, ya sake tashi. A na uku fiffike ɗaya ya karkata har na ga kamar zai shari kwalta. Na miƙe ina salati. Sai injin ya yi ƙara, jirgin ya koma sama da ƙyar. Kyaftin ne ya ƙwace tuƙin, shi ne kuma ya sauko da su.

A gaban kowa ya kira Izzuddeen. Ya ce, "In kuna tare da wannan bawan Allah, wa yake saukar da jirgin?"

Izzuddeen ya sunkuyar da kai.

"Da kai nake magana."

"Ni ne, ranka ya daɗe."

Jirgin koyo sitiyari biyu gare shi a haɗe, in an motsa ɗaya ɗayan ma ya motsa. Ashe duk saukar nan da Malam yake yabon kansa da ita, Izzuddeen ne yake sa yatsu biyu a ƙasan nasa sitiyarin, gwiwarsa ta kare, yana gyarawa a ɓoye. Matsalar Malam ƙarama ce. In ƙasa ta matso, ana so matuƙi ya ɗaga kai ya dubi can ƙarshen titi, da haka ido yake gane tazarar da ta rage. Shi kuwa mutumin takarda ne, in tsoro ya kama shi sai idonsa ya faɗa kan agogunan gabansa yana karanta lambobi. Ba wai Izzuddeen bai taɓa faɗa masa ba. Yakan ce, "Allah ya gafarta Malam, da za a ɗan ɗaga kai a dubi gaba, ina ganin zai fi." Kafin ya kai ƙarshen wannan dogon ladabin, ƙasa ta riga ta iso.

Kyaftin Jaji ya ce, "Saura awa biyar. Ba zan ƙara minti ɗaya ba, ni ba na binne ɗalibai. Ba ni da wani malamin da zan ba ka, wanda ya ɓata shi zai gyara."

A hanyar gida, sai da muka yi nisa sannan Malam ya taɓa kafaɗata ya ce in tsaya. Kwana biyu ke nan da yin ruwan farko, duk inda ka duba mutane ne a gona, maza suna sara, mata da yara suna bi suna zuba iri. Ya sauka ya tsaya a bakin titi yana kallonsu. Tun muna yara ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka binne Kawu. Ranar na gani.

Ya ce, "Falalu, na sayar da gonar Baba don yaro ya riƙa lallaɓa ni kamar jinjiri."

Na buɗe baki zan yi masa tsiyar da na saba, na rasa ta. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, don shi ya jawo wa kansa. Mutumin da ya shekara talatin da biyar ba wanda ya isa ya ce masa ya yi kuskure, yau yana neman mai gaya masa ya rasa.

Awa ta talatin da shida, Izzuddeen ya yi alkawari ba zai taɓa sitiyari ba. Ya cika alkawarin har zuwa daƙiƙar ƙarshe, da ya ga za su mutu ya cafke. Ta talatin da bakwai ma haka. Na sami Kyaftin na ce ya bar ni in shiga in zauna a baya, ni taubashinsa ne, zagin da ake bukata ina da shi buhu-buhu. Ya ce jirgin ba shi da baya. Na koma wajen Izzuddeen na ce, "Kai, ka daina ganinsa a matsayin malaminka. Ka ɗauka kakanka ne, ka yi masa tsiyar jika." Ya yi murmushin yaƙe ya ce, "Kawu Falalu, in na dube shi, allo nake gani a bayansa."

Malam ya daina cin abinci sosai. Rigunan da na ɗinka masa da sallah suka fara yi masa yawa. Da yamma yakan sa ni in hau miƙaƙƙen titi da shi a baya, in yi gudu sannan in rage a hankali, shi kuma ya kafe ido a can nesa yana magana shi kaɗai. A kan babur ba ya kuskure. Amma awa ta talatin da takwas ta wuce, ta talatin da tara ta bi ta, ko sau ɗaya bai sauka da hannunsa ba. A gari kuwa magana ta bazu. Masu zuwa shagona sukan tambaye ni, "Yaya Alhajin sama?" ni kuma in ce su karɓi ɗinkinsu su ba ni wuri.

Ana gobe awa ta ƙarshe, bayan la'asar, ya ce in kai shi masaukin Izzuddeen. Muka same shi a tsakar gida yana wanke safa. Ya zabura zai durƙusa, Malam ya ce ya tsaya a tsaye.

Malam ya ce, "Lokacin da nake tsare ka bayan an tashi har sai ka iya karatu, ƙinka nake yi?"

"A'a, Malam."

"To kai me na yi maka kake ƙina?"

"Subhanallahi, Malam, ni?"

"Kai. Ladabinka ya cinye gonar ubana, gobe kuma zai cinye abin da ya rage. Kira sunana."

"Malam."

"Ba wannan ba. Sunan da aka raɗa mini."

Izzuddeen ya dube ni kamar zan cece shi. Kumfar sabulu tana ɗiga daga hannunsa. Ya ce, "Wallahi bakina ba zai iya ba. In mahaifiyata ta ji, da wane ido zan dube ta?"

Malam ya ce, "Ba umarni nake ba ka ba, na wuce nan. Roƙonka nake yi. In ka ga na sunkuyar da kai gobe, ka manta wane ne ni. In ba za ka iya ba ka faɗa mini yanzu, in zauna a gida, in huta da kunyar."

Izzuddeen bai ce zai iya ba, bai ce ba zai iya ba. Haka muka baro shi, ni dai na fid da rai.

Da safe Kyaftin Jaji ya sa aka fito da tebur bakin rumfa, ya ɗora rediyon da ake jin maganar matuƙa da shi, ya rataya madubin hangen nesa a wuya. Sharaɗinsa shi ne sauka uku a jere, masu kyau, kuma hannuwan Izzuddeen su kasance a saman allon agoguna inda zai iya hango su. Ɗalibai duka suka fito, har masu gadi da mai shara.

Zuwan farko jirgin ya taho da hanci a ƙasa, Izzuddeen ya karɓa suka koma sama. Na biyu ma haka. Kyaftin ya dubi agogon hannunsa. Rabin awa ta tafi. Na zauna a kan wata tsohuwar taya ina karanta duk abin da ya zo bakina.

A zuwa na uku rediyon ya yi ƙara, muka ji numfashin mutum sama-sama. Ashe tsabar damƙar da Malam ya yi wa sitiyari, babban yatsansa ya danne maɓallin magana bai sani ba, duk abin da ake yi a cikin jirgin yana fitowa. Jirgin ya matso, hancin ya fara sunkuyawa kamar kullum. Sai muka ji wata tsawa.

"Yahuza! Ɗaga kanka!"

Mai shara ya saki tsintsiya.

"Dubi ƙarshen titi! Karatu aka kawo ka yi? Can, na ce! Kai wane irin daƙiƙi ne? Ja kaɗan! Riƙe! Riƙe shi nan! Kar ka saki!"

Tayoyin baya suka taɓa kwalta suka yi ɗan ƙara, ta gaba ta biyo a hankali. Ba wanda ya yi tafi. Ni da na shekara hamsin ina zagin mutumin nan, sai da tsigar jikina ta tashi da na ji sunansa tsirara a bakin yaron da ya koyar. Kyaftin ya sauke madubi ya ce, "Ɗaya."

Rediyon ya yi shiru daga nan, Malam ya saki maɓallin. Ban san abin da aka faɗa a sauka ta biyu da ta uku ba, na dai ga jirgin ya zauna lafiya duka biyun. Suka gangaro gefen titi suka tsaya, farfela tana juyawa. Izzuddeen ya fito, ya rufe ƙofa, ya tafi bai waiwaya ba. Kyaftin ya ɗauki abin magana ya ce, "Zagaye ɗaya. Kai kaɗai."

Minti shida ne ko bakwai, amma ni ban taɓa ganin lokaci mai tsawonsu ba. Na ga jirgin ya tashi, ya yi ƙanƙani ta wajen duwatsu, ya juyo. Ba kowa a cikinsa sai tsohon hedimastan da ba shi da gona. Da ya miƙo titi na so in rufe ido, na kasa. Ya taɓa ƙasa, ya ɗan yi tsalle kaɗan, sai ya riƙe shi ya zauna. Lasisin kansa sai bayan wata tara ya samu, yana da hamsin da bakwai, amma a wannan safiyar aka gama magana.

Ya fito yana tangaɗi. Yara suka kawo bokiti, suka tsaya cirko-cirko, an rasa wanda zai iya jiƙa dattijo. Na ce ku ba ni nan. Na sheƙa masa shi tun daga ka har ƙafa, kuma ban taɓa yin aikin da ya yi mini daɗi kamarsa ba. Bai ko share fuska ba, ya ce, "Ina Izzuddeen?"

A bayan rumfa muka same shi, tsugune kusa da durom ɗin mai, ya haɗa kai da gwiwa. An riga an gaya masa cewa kowa ya ji. Da ya ga ƙafafun Malam sai ya fashe da kuka.

"Malam, ka yafe mini. Na zage ka duniya tana ji."

Malam ya cire takalmansa ya ajiye gefe. Ya tattara jiƙaƙƙen wandonsa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya durƙusa a gabansa kamar yadda ɗalibi yake yi. Izzuddeen ya ce don Allah ya tashi. Malam ya ce ba a tashi kafin malami. Suka zauna a haka, ba mai niyyar riga wani miƙewa.

Can Malam ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Ni na roƙa, kuma na gode. Amma kalmar nan ta shige ni har ƙashi, ban san haka take da zafi ba. Daƙiƙi. Kai da ba ka zagi, a ina ka samo ta?"

Izzuddeen ya goge ido da bayan hannu.

"A aji uku, Malam. Kusan kullum."

Ruwa yana ta ɗiga daga gemun Malam yana jiƙa ƙasa, ni kuma na koma wajen babur na jira su.